TSOHUWAR KWAMFUTA BA ABIN YASARWA BA CE

Ma'aikata ta lura cewa jama'a da yawa a ƙasar nan, musamman ɗalibai da malamai da ƙananan 'yan kasuwa, suna aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ta kwana biyu. Yawancinsu na hannu ne, an sayo su a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko Farm Centre a Kano. An shirya wannan takarda domin a nuna wa mai irin wannan kwamfuta yadda zai zaɓa mata babbar manhajar da ta dace da ƙarfinta, ya ci gaba da morar ta cikin kwanciyar hankali.

MECE CE BABBAR MANHAJA?

Babbar manhaja ita ce uwar dukan manhajojin da ke cikin kwamfuta. Ita ke tashe ta idan an kunna, ita ke sarrafa allo da madannai da ma'ajiya, sauran manhajoji kuwa a bisanta suke hawa. Wadda aka fi sani a Nijeriya ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka.

INA MATSALAR TAKE?

Kowace babbar manhaja tana da wa'adi. Muddin wa'adin bai cika ba, kamfanin da ya yi ta yana aiko da gyare-gyare masu toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Wa'adin Windows 7 ya cika a watan Janairu na 2020, na Windows 10 kuwa ran 14 ga Oktoba, 2025, sai ƙarin shekara guda da aka ba waɗanda suka yi rajista ta musamman. Ita kuma Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa irin ta zamani, abubuwan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su.

Wanda ya ci gaba da shiga asusun bankinsa da manhajar da wa'adinta ya ƙare, kamar mai kwana ne a gidan da ƙofarsa ba ta da sakata. Haka nan ana gargaɗin jama'a su guji Windows ta jabu da waɗansu masu gyara ke sa wa mutane da araha, domin ta saba wa doka, kuma sau da yawa da cuta a cikinta.

WACCE ZA A ZAƁA?

Akwai wata babbar manhaja mai suna Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, kuma doka ta yarda kowa ya sauke ta, ya kwafa wa wani. Tana da iri-iri, amma ga sabon shiga shawararmu ita ce Linux Mint, saboda fuskarta ta yi kama da ta Windows, mutum ba zai daɗe yana lalube ba. Tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, da Firefox na shiga intanet. Ana kuma iya zaɓen madannan Hausa a cikinta, watau masu ɓ da ɗ da ƙ. Linux Mint 22, wadda ta fito a 2024, za ta ci gaba da samun gyare-gyare har 2029.

Kafin a zaɓa, sai a duba girman ma'adanar aiki ta kwamfutar, wadda masu gyara ke kira ram:

1. In ta kai gigabait 4 ko fiye, a sa Linux Mint samfurin Cinnamon.
2. In gigabait 2 ce, a sa samfurin Xfce, ko kuwa Lubuntu, domin sun fi sauƙin nauyi.
3. In ba ta kai haka ba, akwai antiX, amma ita sai da taimakon wanda ya ƙware.

Kamfanin Google ma ya fitar da ChromeOS Flex a 2022. Tana da sauƙin koyo, sai dai galibin aikinta ya dogara ga intanet, don haka ba ta dace da wanda ke zaune inda sabis ke yawan yankewa ko mai tattalin data ba.

YADDA ZA A YI

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana iya gwada Linux Mint daga filash ba tare da an taɓa kome a cikin kwamfutar ba.

Da farko, a kwashe dukan takardu da hotuna zuwa wata ma'ajiya dabam, domin girka sabuwar manhaja yana iya shafe abin da ke ciki. Na biyu, a sauke manhajar daga shafin masu ita kaɗai. Girmanta ya kusa gigabait 3, filash mai gigabait 8 ya wadatar, kuma guda ɗaya ya ishi makaranta ko unguwa. Na uku, a tashi kwamfutar daga filash ɗin. A yawancin Dell da Lenovo F12 ake dannawa da zarar an kunna, a HP kuwa F9. Na huɗu, a gwada sauti da kyamara da haɗin intanet da na'urar buga takarda. Sai kome ya yi daidai sa'an nan a girka.

ABIN LURA

Waɗansu manhajoji, kamar Photoshop da Microsoft Office da ake girkawa a kwamfuta, ba a yi su domin Linux ba. Wanda abincinsa ya rataya a kansu ya nemi shawara tukuna. Amma ɗalibi mai rubuta aikin makaranta, da ɗan kasuwa mai lissafin ciniki, bukatarsu za ta biya.

Jama'a, kuɗin sabuwar kwamfuta ba kowa ke da shi ba, kuma kowace da aka shigo da ita kuɗin ƙasar waje ta ci. Wadda aka yasar a juji kuwa tana ɗauke da dalma da sauran guba masu ɓata ƙasa da ruwan sha. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana wa maƙwabcinsa.