Adabin Yara a Zangon Hausawa: Madogarar Marubuci da Mai Zane a Ogbete ta Inugu

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfi ga waƙa da zube da wasan kwaikwayo na manya, adabin yara kuwa sai dai a ɗan taɓa shi a wuce. Abin da ake nufi da adabin yara a nan shi ne littattafan da aka tsara musamman domin yaro ɗan shekara biyar zuwa goma sha biyu, waɗanda labari da zane suke tafiya tare a cikinsu. Wannan maƙala za ta dubi halin da marubucin irin waɗannan littattafai da mai yi musu zane suke ciki a zangunan Hausawa na Inugu da Anacha da Fatakwal, tare da ɗaukar Ogbete a matsayin misali. Daga nan za ta nuna wuraren da za su samo ƙarfin guiwar ci gaba da aikin.

2.0 Ogbete da Yaranta

Kwal shi ne ya kafa Inugu. An gano shi a 1909, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa garin da Fatakwal. Ogbete na cikin unguwannin farko da ma'aikatan haƙar kwal suka zauna, kuma a can babbar kasuwar garin take. Hausawa fatake da mahauta da masu sayar da hatsi sun bi wannan hanya suka yi zango. Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama Magajin Garin Inugu na farko a 1956. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tarwatsa zangon, bayan yaƙi aka sake haɗuwa.

Yaron da aka haifa a irin wannan zango yana rayuwa ne cikin harsuna da yawa. Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, Ingilishi a makarantar boko, Igbo da Turancin buroka a kasuwa da filin wasa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen al'ummar da yake zaune cikinta. A Inugu harshen al'ummar Igbo ne, don haka Hausa ba ta sami gurbi a aji ba. Sakamakon haka shi ne a sami yaro yana jin Hausa rangaɗau, amma bai san bambancin ƙ da k a rubuce ba. Idan babu littafin da zai karanta a gida, to rubutacciyar Hausa ba ta da wata ƙofar da za ta shigo masa.

3.0 Abubuwan da ke Sanyaya Guiwa

Na farko shi ne tsadar ɗab'i. Littafin yara yana bukatar manyan haruffa da takarda mai kauri da launi, ga shi masu saye a zango ba su da yawa. Ƙari a kan haka, ma'aikatan maɗaba'un kudu ba su saba da haruffa masu lanƙwasa ba, sai a wayi gari "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓari" ya koma "bari".

Na biyu shi ne raini. Ana ɗaukar rubuta wa yara tamkar aikin wanda ya kasa rubuta wa manya. Hatta gasar adabi ta kamfanin NLNG, wadda aka fara a 2004 kuma take kewayowa kan adabin yara bayan shekara huɗu-huɗu, littattafan Ingilishi take karɓa.

Na uku ya shafi mai zane. Sau da yawa ana biyansa ladan aiki sau ɗaya, sunansa kuma ba ya fitowa a bango. Sannan akwai iyayen da suke ɗari-ɗari da hoton abu mai rai saboda fahimtarsu ta addini.

4.0 Inda Ƙarfin Guiwa Yake

4.1 Tarihin Gida

Wanda yake ganin rubuta wa yara ƙaramin aiki ne, ya tuna da Abubakar Imam. Malamin makarantar Midil ta Katsina ne, ɗan shekara 22, lokacin da ya shiga gasar Hukumar Talifi ta 1933 da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya ya zauna tare da Rupert East domin a samar wa 'yan makaranta abin karantawa, aikin da ya haifar da Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Ke nan littafin da ake ɗauka ma'aunin zuben Hausa, asalinsa littafin yara ne. Haka kuma Imam ya ɗebo labarai daga ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa. Wannan izini ne ga marubucin Ogbete ya shigo da kunkurun tatsuniyar Igbo ya haɗa shi da Gizo, tun da yaronsa ya san su duka biyu. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya zama shehun malami a Jami'ar Bayero, ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni juzu'i shida, abin da ya nuna cewa aikin bai yi wa masani ƙanƙanta ba.

4.2 Darasi daga Maƙwabta

Ƙasar da marubucin yake baƙunta ita ma tana da abin koyi. Chinua Achebe ya fitar da Chike and the River a 1966, labarin yaro a Anacha, bayan ya ga irin littattafan Turawa da ake ba yaran Afirka. A 1967 shi da Christopher Okigbo suka kafa kamfanin ɗab'i na Citadel a Inugu, da niyyar buga littattafan yara. A shekarar aka kashe Okigbo a fagen daga kusa da Nsukka, Inugu kuma ta faɗi. Duk da haka labarin damisar da Achebe ya rubuta tare da John Iroaganachi bai mutu ba, ya fito a Inugu a 1972. Idan yaƙi bai hana littafin yara fitowa a wannan gari ba, tsadar takarda ba hujja ba ce ta ajiye alƙalami. Cyprian Ekwensi kuwa, wanda aka haifa a Minna a 1921, ya rubuta wa yaran kudu labarin Arewa a The Passport of Mallam Ilia a 1960. Abin da ya rage shi ne Bahaushe ya rubuta labarin kudu da Hausa.

4.3 Madogarar Mai Zane

Uche Okeke ya tashi a Kafancan, ya yi karatu a Zariya, inda shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Ra'ayinsu shi ne a haɗa dabarun zamani da zanen gargajiya. Shi ya ɗauko uli, zanen da matan Igbo ke yi a jiki da bango, ya mayar da shi abin koyarwa a Jami'ar Nsukka. Mai zane Bahaushe yana da irin wannan taska: zayyanar allon sauka, da dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zanen ƙwarya, da adon bangon soro. Waɗannan suna ƙawata shafi ba tare da hoton abu mai rai ba, don haka suna rage fargabar iyaye. Inda labari ya bukaci mutum ko dabba, sai a yi zanen da yaron zango zai gane kansa a ciki: mai tura baro, da ruwan damina mai tsawo, da kwanon garin rogo kusa da na tuwo.

4.4 Kasuwa

Adabin kasuwar Anacha, wanda ya bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1940, da na kasuwar Kano, wanda ya taso a shekarun 1980, sun tabbatar da cewa ƙaramin littafi mai araha yana iya kai kansa ga mai karatu ba tare da babban kamfani ba. Motocin da ke sauke albasa da wake a kudu suna komawa Arewa, ke nan hanyar rarraba littafi a buɗe take. Makarantun Islamiyya na zango su ne masu saye na farko. Shirin African Storybook da aka ƙaddamar a 2014 yana ɗora labaran yara a intanet kyauta, har da na Hausa, kuma kwamfuta ta sauƙaƙa matsalar haruffa masu lanƙwasa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa matsalolin marubuci da mai zane a Ogbete na gaske ne, amma kowace tana da wanda ya riga ya fuskance ta ya wuce. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su ɗauki rubuta wa yara a matsayin aikin ilmi da ake lissafawa wajen ƙarin girma, su kuma tura ɗalibai su tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙin wasa na zangunan kudu kafin masu riƙe da su su ƙare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da bai karanta Hausa yana ƙarami ba, da wuya ya rubuta ta idan ya girma.