Bazara a Tiga da Maƙwabtanta: Ina Masunci Zai Jefa Tarunsa?

Daga watan Maris zuwa farkon Yuni, masuncin kudancin Kano yakan tashi da tambayar da ba ta dami kakansa ba: wane ruwa zai nufa yau? Kafin 1974 amsar a fili take. Kogin Kano yakan tsinke da rani ya bar gurabe masu zurfi nan da can, kifi ya taru a cikinsu, masunta su san inda za su same shi. Yanzu akwai tafkin Tiga a ƙasar Bebeji, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178, wanda jelarsa ta miƙa kudu har gefen dajin Falgore. Akwai Ruwan Kanya da ke sha daga Tiga, akwai Bagauda, sannan ga tafkin Challawa da mutanen Kiru ke iya kaiwa gare shi. Mai babur zai bar wannan ya isa wancan kafin hantsi. Da yawa suna zaɓe ne bisa sabo, ko bisa labarin wanda ya cika kwando jiya. Hujja ta fi goyon bayan wata hanyar: a bazara, wurin su ana zaɓensa ne da halin da ruwan yake ciki a wannan makon, wato hawa yake ko sauka, a tsaye yake ko yana gudu, sabo ne ko kwantacce.

Sai an fahimci yadda aka ɗaure waɗannan ruwaye da juna kafin a gane dalili. Kogin Kano yana gangarowa daga tuddan kudu, ya ratsa ƙasar Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada, sannan ya faɗa Tiga. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, tsayinta mita 48, tsawonta kusan kilomita 6. Daga gindinta babban kanal ya ɗauki ruwa ya bi ta Ruwan Kanya ya kai gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, wani ruwan kuma ana sakinsa cikin kogin domin birnin Kano da garuruwan da ke ƙasa. Madatsar Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a 1992, ita ma sakin ruwa take yi, Kogin Challawa da Kogin Kano su haɗu wajen Tamburawa su zama Kogin Haɗeja. Abin da wannan ke nufi ga masunci shi ne, a bazara Tiga bayarwa kawai take yi. Babu abin kirki da ke shigo mata, rana na ƙafar da ita, manoman tumatir da alkama da shinkafa na ja. Ruwan Kanya kuwa karɓa yake yana miƙawa, don haka bakinsa bai cika ja da baya kamar na Tiga ba. Ruwa ɗaya ne ke yawo a cikinsu, amma a rana guda kowanne da halinsa.

Ma'auni na farko ke nan: hawa da sauka. Karfasa ce abincin yau da gobe na waɗannan tafkuna, kuma rayuwarta a bakin ruwa take. Idan sanyin hunturu ya wuce ruwa ya ɗumama, namijinta yakan share ɗan rami a yashi inda ruwa bai da zurfi, macen ta zuba ƙwai. A wani jinsin uwar takan kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe, a wani kuma iyayen biyu ne ke gadin ramin. Duk wannan yana buƙatar ruwan da zai zauna a inda yake. A shimfiɗaɗɗen gaɓa, saukar ruwa ta taƙi ɗaya tana iya busar da fili mai faɗi, kifin kuwa ba ya jiran hakan. Da ya ji ruwa na janyewa sai ya koma bakin gangare na farko. Shi ya sa wanda ya tarar da sabon jiƙaƙƙen taɓo a bakin Tiga, ko layin danshi a jikin dutse sama da ruwa, bai kamata ya ɓata kallinsa a fadama ba. Wurinsa gaɓa mai tsayi, gindin duwatsu, da gefen tsohon kwarin kogin da tafkin ya binne. Wanda kuma yake son karfasar bakin ciyawa, gara ya nufi ruwan da ake ciyarwa kullum. Masu fatsa a Amurka, da suke bin kifin bass a jerin tafkunansu bayan sanyi, ɗumin ruwa suke aunawa, domin tafkin da ya riga ɗumama shi ke riga kawo kifi gaɓa. A nan ɗumi ya wadata ko'ina tun watan Maris, tsayuwar ruwa ce ke wuyar samu.

Ma'auni na biyu ya shafi zurfi, kuma a nan ake yawan kuskure. Hankali yakan ba mutum cewa tunda zafi ya tsananta, kifi ya gudu can ƙasa inda ya fi sanyi. Gaskiya ne zuwa wani mataki, amma tafki mai zurfi a ƙasar zafi yana rabuwa hawa biyu. Iskar hunturu takan sanyaya saman ruwa ta gauraya shi da na ƙasa. Da zafi ya dawo sai ruwan sama mai ɗumi ya kwanta a kan na ƙasa mai sanyi, su daina cuɗanya. Ganyaye da tarkacen da ke ruɓewa a ƙasa suna cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa, ba kuma mai maye gurbinta. Ko ruwan saman ma ƙarfinsa ya ragu, domin lita guda tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a ma'aunin zafi 20, amma a 30 ba ta wuce kusan 7.5. Giwan ruwa, wanda kan haura kilo 100 idan ya sami rai da abinci, yana cikin kifayen da ba sa jure ƙarancin iska. Inda ake samunsa, yakan tsaya a tsaka-tsaki, jikin dutse ko kututturen itacen da ruwa ya shanye, ya yi kwanton ɓauna ga ƙananan kifi da asuba da almuru. Mai mamarin da ya saukar da ƙugiyoyinsa ƙasan rami mafi zurfi a watan Afrilu yana iya ɗago kotonsa yadda ya sa shi. Tarwaɗa kuwa ba ruwanta, domin tana da abin shaƙar iska daga sama. Gefen da iska ke kaɗo igiyar ruwa, da wurin da ruwa ke gudu yana kumfa a ƙasan madatsa, sun fi kwantaccen lungu rai, sai dai bakin ƙofar ruwa da cikin kanal wurare ne masu cin mutum, ba a kusantarsu da ganganci.

Ma'auni na uku shi ne sabon ruwa, kuma daga kudu yake zuwa. Doguwa da tuddan Riruwai sun fi Bebeji samun ruwan sama, kuma suna riga ta samu. Ana iya yin ruwan shuka a can, rafuka su kawo, alhali a garin Tiga ƙura ake sha. Jan ruwan farko yana shigowa ta jelar tafkin ɗauke da ƙwari da tana da ɗanyen ganye, kifin da ya yi watanni a kwantaccen ruwa sai ya juyo ya fuskance shi. Tarwaɗa da kawara da ire-irensu sukan taru a bakin kogi, cikinsu cike da ƙwai, suna jiran ruwa ya hau ciyawa su bi shi. Launin ruwan ma yana raba kifi. Masu gashin baki, irin su tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, da sansane da taɓi suke neman abinci, don haka gurɓataccen ruwa bai hana su ci ba, mamari yana kama su musamman da dare. Masu farauta da ido, irin su tsage da giwan ruwa, sun fi son iyakar da jan ruwa ya haɗu da garai. Saboda haka a ƙarshen bazara labarin da ya fi wa masuncin Bebeji amfani shi ne na direban da ya taso daga Doguwa: an yi ruwa a can ko ba a yi ba?

Za a ce duk wannan lissafi ne a kan abin da ba a gani, su kuwa rabo ne, wani ya jefa birgi sau ɗaya ya cika jirgi, wani ya kwana a ruwa ya dawo hannu rabbana. Babu musulmin da zai musa cewa arziki na Allah ne. Amma manomin da ya yi imani da haka bai taɓa shuka gero a kan fa ba, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu don ya zaɓi jigawa. Sa'a tana bayyana a kamun dare ɗaya. Abin da ke ciyar da gida kamun wata uku ne, a nan kuwa wanda ya san halin ruwa yakan fi. Akwai kuma lissafin kuɗi. Man babur, gyaran taru, koto da hayar jirgi duk ana biyansu kafin a ga kifi. Tafiyar da aka yi zuwa Challawa saboda jita-jita, bashi ce da za a biya da kamun wata ranar. Bin taron jama'a ma yana da nasa aibi, domin kafin labarin wuri ya zaga kasuwa, ko an kwashe kifin, ko ruwan ya sauya.

Wata hujjar masu ja da wannan bayani ta fi ta rabo nauyi. Masunta na gado za su ce sun san ruwa tun kafin a haifi masu aune-aune, kuma gaskiyarsu ne. Su suka san inda tsohon kwari ya bi, inda kufan ƙauye yake a ƙarƙashin ruwa, inda itace ke yaga taru. Babu littafin da zai ba baƙo wannan. Sai dai ilimin da aka gada na kogi ne mai bin damina da rani, Tiga kuwa tana bin damina, tana kuma bin hannun ma'aikaci. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke buɗe ƙofa ta rufe gwargwadon buƙatar gonaki da birni, kuma shekarar da damina ta yi ƙaranci tafkin yakan shiga bazara a ƙasa da inda ya saba. Dutsen da ya ba da ragon ruwa a watan Afrilun bara yana iya zama a tudu bana. Ilimin dattawa yana faɗin inda wuraren suke. Duban ruwan wannan makon ne ke faɗin wanne daga cikinsu yake da kifi yau. Ƙwararrun cikinsu dama haka suke yi, ko da ba su kira shi da suna ba.

Hujja ta uku ita ce mai ciwo. Duk wanda ya bi wannan bayani zai lura cewa wurin da ya fi kifi a ƙarshen bazara shi ne bakin kogi, inda masu ƙwai suka taru. Lokacin kuwa shi ne na ƙarewar hatsi a rumbu da neman kuɗin taki, ga kifi a hannu, yaya za a ce wa mai iyali ya kauce? Ba za a raina wannan ba, yunwa ba ta jiran shekara mai zuwa. Amma tarwaɗa guda mai ciki tana ɗauke da dubban ƙwai, kuma madatsa ta rufe hanyar da kifin ƙasa zai hauro ya cike gurbi. Abin da Tiga za ta bayar baɗi, yawancinsa daga abin da ya haihu a cikinta da kogin da ke samanta ne bana. Wanda ya gicciya taru ya toshe bakin kogi a makon farko na jan ruwa ya ci rabon kansa na gaba, ya haɗa da na mutanen Tudun Wada da Rano. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana taru mai ƙananan idanu, amma doka ba ta kwana a bakin ruwa. Abin da ke kwana a can shi ne Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta. Argungu ta nuna cewa Bahaushe ya san hana su a wani yanki na kogi har sai ranar da aka yarda, kuma manyan kifayen da ake fitarwa a kogin Matan Fada sakamakon wannan haƙurin ne. Ba a ce a bar ruwa gaba ɗaya ba. A bar wa kifi tsakiyar hanya da 'yan makonnin haihuwa, a kama a gefe da ƙugiya da taru mai manyan idanu.

Abu biyu za su sauƙaƙa wannan zaɓe, kuma babu mai tsada a cikinsu. Hukumar da ke riƙe da ƙofofin Tiga da Challawa ta san ranar da za ta ƙara sakin ruwa da ranar da za ta rage. Idan ta riƙa sanar da masunta ta rediyo ko ta hannun sarakunan ruwa, kamar yadda manoman rani ke buƙatar sani, za a rage asarar mai da ta taru. Su kuma masuntan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna da waya a aljihu, za su iya gaya wa juna halin ruwa maimakon ɓoye shi, su kuma yi yarjejeniya guda a kan bakin kogi, domin haramcin da gari ɗaya ya kiyaye maƙwabcinsa ya karya bai tsare kifin kowa ba. Gonakin Kadawa suna da injiniyoyi da jadawalin ruwa tun shekarun 1970. Dubban gidajen da ke ci daga taru a wannan ruwan sun cancanci a sa su cikin lissafin.