Magewayi Mai Layar Zana: Gina Ma'abocin Asirin Ɓata a Wasan Kwaikwayo na Tebur

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Mutum huɗu ko biyar kan zauna gewaye da tebur, kowa ya ari bakin wani gwarzo na ƙage, ɗaya kuma ya zama jagora, watau mai jan zaren labari da yanke hukunci. In ɗan wasa ya ce gwarzonsa zai haura ganuwa, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya haura ko ya faɗo. Kowane gwarzo yana da rukuninsa, kamar mayaƙi, ko matsafi, ko ɓarawo wanda aka ƙara a 1975. Masu wasan sun saba ƙirƙiro nasu rukunin a gida, kuma wanda ya fi ba su wuya shi ne mai haɗa sanɗa da tsafi. Dalili kuwa a fili yake: mutumin da ba a ganinsa, ga shi yana jifa daga nesa, ya mai da abokan wasansa 'yan kallo.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa tunanin Bahaushe game da asiri ya daɗe da warware wannan matsala, kuma za a ɗauki misali daga iyakar ƙasar Gobir, inda irin wannan mutum ya taɓa zama abin bukata ƙwarai.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, Gobirawa sun warwatsu. Da aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, sai wasunsu suka kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni ba nisa da kufan Alƙalawa. Isa kuwa tana hannun zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarkinta ma Sarkin Gobir ake ce masa. Tsakanin garuruwan nan biyu bai wuce tafiyar yini guda ga mahayi ba, cikin fadamun gulbin Rima da na Bunsuru. Zaman irin wannan iyaka ya fi dogara ga hari da kwanton ɓauna bisa ga babban yaƙi, saboda haka kowane sarki yana bukatar wanda zai je ya gano ya dawo ba a gan shi ba. Shi ne magewayi, kuma da wuya a sami sunan da ya fi dacewa da rukunin da ake son ginawa.

Abin lura na farko shi ne, littafin wasan na 2014 yana ɗaukar ɓacewa a matsayin abu guda: a karanta tsafi, mutum ya ɓace har zuwa sa'a ɗaya, in ya kai farmaki ko ya yi wani tsafin ya bayyana. Bahaushe bai tafi a kan haka ba. Ya rarraba al'amarin gwargwadon inda asirin yake kamawa. Layar zana jikin mai ita take ɗaukewa daga gani. Baduhu idon abokin gaba yake rufewa, ya ga duhu da rana tsaka. Shashatau hankali yake kawarwa, mai gadi ya ga mutum sarai amma ya shagala da wani abu. Sagau hannun wanda ya ɗaga makami yake sandarar da shi, kau-da-bara kuwa saitin maharbi yake karkatarwa. Ba a nan ake shari'ar ko suna ci ko ba sa ci ba. Tsarin da ke cikin sunayen shi ne abin nazari. Mai gina rukuni ya sami kayan aiki biyar masu bambancin amfani, ba ko ɗaya a cikinsu da ke kisa. Wannan kaɗai ya rage rabin matsalar, domin magewayi zai kuɓuta, amma dole ya koma ga mayaƙi in ana son a ci gari.

Sa'an nan ga sharaɗi, wanda a nan ne al'adar ta fi zurfi. Ba a ba mutum laƙani sai da dokarsa: kada ya ci abu kaza, kada ya kusanci iyali kafin fita, kada ya shiga makewayi da layar a jikinsa. Kuma kowane asiri yana da makarinsa. Ɗan tauri, alal misali, ƙarfe ne ba ya cin sa, sanda da dutse kuwa ba ruwansu. A labaran da ake bayarwa, mai layar ɓata yakan cije ta ne in an rutsa shi. Wannan ɗan bayani ya isa ya zama doka a tebur. Wanda laya ke bakinsa ba ya magana, saboda haka muddin gwarzon yana ɓace, shi ɗan wasan ma ya yi shiru, ko da yana ganin abokansa za su faɗa tarko. Ana iya fara magewayi da layu uku, kowace da sharaɗinta a rubuce, ya kuma zama jagora ne kaɗai ya san makarinsu. In aka karya sharaɗi, ba za a gaya wa ɗan wasa layar ta mutu ba, sai ranar da ya cije ta a gaban dogarai.

Akwai wani kuskure da mai kwaikwayon littattafan Turawa zai iya faɗawa, watau ya mai da magewayi shi ne mai haɗa asirinsa. A ƙasar Hausa mai ɗaukar laya daban, mai yin ta daban. Wajen boka ake zuwa, ko malamin tsibbu, ko 'yan bori, waɗanda a sarautar Gobir suke ƙarƙashin Inna. Ke nan ƙarfin magewayi ba ya ƙaruwa don ya kwana ya huta. Sai ya koma ya biya, ya yi biyayya, wani lokaci ya ɗauko bashin da zai kai shi inda bai so ba. Bugu da ƙari, malaman jihadi sun yi suka mai tsanani ga tsafi da bori, don haka layar da za a yaba a wani zaure ita za ta ja wa mai ita tuhuma a wani. Gwarzon da ke zirga-zirga tsakanin Sabon Birni da Isa sai ya ɓoye kambunsa da gurunsa ƙarƙashin riga kamar yadda yake ɓoye kansa.

Ya kamata a faɗi cewa waɗannan kalmomi ba su zama kayan tarihi ba a wannan yanki. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, kuma zancen maganin bindiga da layar ɓata ya yawaita a bakin 'yan sa-kai da na mutanen gari. Malamin da ya kai wasan nan aji a Sakkwato zai iya tarar da ɗalibin da ɗan'uwansa ya fita daji da guru a ƙugu bai dawo ba. Irin wannan ɗalibi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan dokar da ta ce laya tana iya ƙin ci, kuma shi ya kamata a fara tambaya ko yana son a ajiye labarin a zamanin Ɗan Halima ko a matso da shi kusa.