Luguden Zuciya

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta ko Bichi ya san lugude. Mata biyu a kan turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, har da tafi a tsakani. Daga bayan danga ma kunne zai gaya maka gero na dakuwa. Amma bari yara su karɓi taɓaren, kowa na dukan gabansa. Sai karo, tsaba na tsalle waje, gari bai samu ba.

Haka zuciya take. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. Na sama su miƙa jini, na ƙasa su harba shi cikin jiki, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum na hutawa. Wani lokaci sai na saman su saki lugude su koma karkarwa. Jini ya kwanta a lungu ya daskare, gudan ya haura ƙwaƙwalwa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

An fi sanin ciwon ga tsofaffi da masu hawan jini, amma bai bar zaratan 'yan wasa ba. A Suwidin akwai tseren zamiya kan ƙanƙara mai suna Vasaloppet, kilomita 90 cur. Binciken da aka fitar a 2013 kan mutum sama da 52,000 da suka yi tseren ya nuna waɗanda suka fi maimaita shi sun fi gamuwa da wannan karkarwa.

Dalilin na nan a tsakar gida. Dubi turmin gidan gandu da ba ya hutawa safe da yamma: bakinsa ya buɗe, cikinsa ya rarake, ga 'yar tsaga a gindi. Shekarun gudu mai nisa haka suke buɗa ɗakin sama na hagu, su bar masa tabo, bugu ya rikice.

Wannan ba hujjar zaman banza ba ce. Noma da taka keke zuwa kasuwa gyaran zuciya ne. Sai dai ɗan ƙwallo da ɗan kokawa, kada ƙarfi ya ruɗe ku. In ƙirji na faɗuwa ba gaira ba dalili, ko numfashi na yankewa, ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu. In kun ji dakan yara maimakon lugude, ku nufi asibiti a auna bugun zuciya da na'ura.