Idan Teku Ta Hana Gawa: Halin da Iyalan Ma'aikacin Jirgi Ke Shiga

Ranar 31 ga Maris, 2017, jirgin dakon kaya mai suna Stellar Daisy ya nutse a kudancin Tekun Atlantika, ya ɗauko tama daga Birazil zai kai Sin. Mutum 24 ne a ciki. Biyu aka tsamo da rai. Sauran 22, 'yan Koriya ta Kudu 8 da 'yan Filifin 14, ko gawa ɗaya ba a kai wa iyalansu ba.

Wanda ya rasu a tudu, an san abin yi: a sallace shi, a binne, a yi zaman makoki, a raba gado. Wanda ruwa ya tafi da shi kuwa, a hukumance ɓatacce ne, ba mamaci ba. Matarsa ba miji a gida, kuma ba ta shiga takaba ba. Banki ba ya sakin ajiyarsa sai da takardar shaidar mutuwa, alhali kuɗin makarantar yara ba ya jira.

Dokoki da dama, har da dokar shaida ta Nijeriya ta 2011, suna ɗaukar mutum ya mutu idan aka shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba, kodayake ƙwaƙƙwarar hujja kamar nutsewar jirgi kan sa kotu ta gajarta jiran. Malaman Malikiyya ma sun daɗe da tsara batun wanda ya ɓace: matar ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara 4, sannan ta yi takabar wata 4 da kwana 10.

To, wa zai biya diyya? Nan ne ƙulli yake. Kamfanin Koriya ne ya mallaki Stellar Daisy, amma tutar Tsibiran Marshall yake ɗauke da ita, kuma alhakin binciken hatsari yana wuyan ƙasar da ta yi wa jirgi rajista. Sai ka ga mai jirgi a wata ƙasa, tuta ta wata, ma'aikaci ɗan wata, matar da aka bari kuwa ta rasa ƙofar da za ta buga. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2013, ta rage wannan ruɗani. Tun Janairun 2017 wajibi ne mai jirgi ya tanadi inshorar diyyar mutuwar ma'aikaci, ya kuma liƙa shaidarta a cikin jirgin. Yawan kuɗin kuwa ya dogara da abin da takardar aiki ta ƙunsa.

Kuɗi kaɗai ba sa kwantar da zuciya. Iyalan Koriya sun yi ta matsa wa gwamnatinsu lamba har aka tura masu bincike a Fabrairun 2019. An gano tarkacen jirgin a zurfin da ya haura mita 3,400, aka ciro na'urar adana bayanan tafiya. An hango ƙasusuwan mutum, aka bar su a can. A ganina wannan zalunci ne ga mutanen da burinsu su samu abin da za su binne.

Mai karatu, in kana da ɗan'uwa mai aikin jirgin ruwa, kafin ya tashi ka san sunan jirgin da tutarsa, ka ajiye kwafin takardar aikinsa, ka kuma tabbata ya rubuta sunan magajinsa a ciki.