Hannu Da Ƙarfe A Fasahar El Anatsui

Al'adar makarantun fasaha da aka gada daga Turai ita ce a ware zane daban, sassaƙa daban. Zane shi ne abin da akan yi da fenti a kan ƙyalle ko allo, a rataye a bango, a kalle shi ta fuska ɗaya; sassaƙa kuwa abu ne mai jiki, na itace ko dutse ko tagulla, wanda akan girke a zagaya shi. Abin da za a duba a wannan lacca shi ne yadda wani mai fasaha na wannan zamani, El Anatsui, ya rushe wannan iyaka da aikin hannu.

An haife shi a 1944 a garin Anyako, cikin ƙasar Ewe ta kudu maso gabashin Gana, ya kuwa yi karatun fasaha a Kumasi. A 1975 ya zo Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, inda ya koyar da sassaƙa har ya yi ritaya a 2011. Tun farko ya fi son kayan da hannun mutane ya riga ya taɓa. Ya fara da farantan katako da mata ke kasa kaya a kasuwa, yana yi musu lamba da ƙarfe mai zafi. Daga nan ya koma yumɓu, ya yi ta gina tukwane masu kama da fasassu da aka ɗinke. Sa'an nan itace, wanda yakan tsaga da zarto mai inji, ya babbake da wuta.

To, amma aikin da ya fito da sunansa a duniya ya samo asali ne wajen ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da ya tsinci buhun murafen kwalaben barasa da aka yar. Murafen na sanholo ne, wato alminiyom, saboda haka suna da laushin sarrafawa. Akan yanke su, a daddale, wasu a naɗe, wasu a murɗe, wasu a bar su zobe-zobe, sa'an nan a huda gefensu a ɗinke ɗaya da ɗaya da siririyar wayar jan ƙarfe. Ba a fara da babban aiki. Ƙananan ƙyallaye akan haɗa tukuna, kowanne da irin ɗinkinsa, a shimfiɗa su a ƙasa, shi kuwa ya yi ta sauya musu wuri har idonsa ya gamsu, kana a haɗe su su zama shimfiɗa guda wadda takan rufe bango sukutum.

A nan ne iyakar nan ta ɓace. Launi yana nan kamar a zane, ja da baƙi da ruwan zinariya da na azurfa, amma ba da buroshi aka shafa shi ba: launin da kamfani ya buga a kan murfin ne, har wanda ya matso kusa yana iya karanta sunan barasar. Jiki kuma yana nan kamar a sassaƙa, domin abin yana lanƙwashewa, yana tattarewa, yana yin inuwa. Shi kansa murfin yana ɗauke da tarihi, don barasa tana cikin hajar da Turawa suka yi musayar bayi da ita a gaɓar Afirka ta Yamma.

Masu sharhi sukan yi saurin kwatanta wannan aiki da saƙar kente, musamman da yake mahaifinsa masaƙi ne, kuma biyu daga cikin na farko, waɗanda gidan tarihi na Biritaniya ya mallaka, sunayensu na nufin mayafin namiji da zanen mace. Kwatancen yana da tushe, sai dai rabin magana ne, domin kente sutura ce mai ƙayyadadden tsari, wannan kuwa ba shi da tsayayyar siffa.

Akwai kuma tambayar da ba a guje mata: in mataimaka masu yawa ne ke huda da ɗinki, aikin hannun wa ke nan? El Anatsui bai ɓoye hannayen nan ba, ƙara musu yawa ma ya yi. Ba ya ba da umarnin yadda za a rataya aikinsa. Ma'aikatan gidan nuni su ke zaɓen inda zai tattare da inda zai zubo, saboda haka aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya a wuri biyu. A 2007, a baje kolin fasaha na Banis, an lulluɓe fuskar tsohon gidan Fortuny da ɗaya daga cikinsu, aka bar wa iska da rana su yi nasu. A can ne aka ba shi lambar Zakin Zinariya a 2015. A 2023 kuma ya rataya manyan ayyuka uku a babban zauren Tate Modern da ke Landan, ɗaya ja mai kama da filafilin jirgin ruwa, wani baƙi wanda ya sauko tun daga rufi har ya taru a ƙasa.