Tattaki a Kaduna: Ƙafa na son nisa, daji kuwa ya rufe

Daga gadar Kawo zuwa Zariya tafiyar kusan kilomita 80 ce. Mota kan cinye ta cikin awa guda da 'yan mintoci, amma mai tafiyar ƙasa sai ya kwana a hanya, ya ratsa Rigachikun da Maraban Jos da Birnin Yero da Jaji, ƙafa ta yi bororo, silifas ya tsinke. Duk da wannan wahala, sha'awar doguwar tafiya cikin ayari ba ta mutu a Kaduna ba. Kama kawai ta sauya.

Addini ne ya fara cika wannan titi da masu tattaki. Kafin 2016, mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky kan tashi daga Kaduna da Kano da wasu garuruwa su nufi Zariya a ƙasa lokacin Arba'in, suna koyi da tattakin Najaf zuwa Karbala a Iraƙi, wanda nisansa ya yi kusan daidai da na Kaduna zuwa Zariya. Tsarinsu bai yi nisa da na fataken Gwanja ba: akwai jagora, akwai zango, akwai masu dafa abinci da masu kula da wanda ya gaza. Sai dai ayarin kan cinye hannu guda na babban titi, direbobi da fasinjoji su yi ta ƙorafi. A Nuwamban 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe fiye da mutum 20 cikin ayarin da ya taso daga Kano, a Dakasoye. Bayan rikicin Zariya na Disamban shekarar, gwamnatin Jihar Kaduna ta haramta ƙungiyar Zakzaky a Oktoban 2016.

Siyasa ma ta taɓa kunna abin. A 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 don murnar nasarar Buhari, matasa suka yi ta kwaikwayonsa. Wannan yayi ne, kuma ya wuce da wuri, domin neman ganin babban mutum ne ya ɗauke shi, ba son tafiyar ba.

Abin da ya fi kama ƙasa yanzu shi ne tattakin neman lafiya. Ranar Asabar bayan sallar asuba, a kewayen Murtala Square da titunan Malali da Unguwar Rimi, za ka ga ma'aikata da 'yan fansho da mata cikin hijabi da takalmin kambas suna tafe rukuni-rukuni, kowa da gorar ruwansa, a ƙarshe a tsaya wurin mai ƙosai da koko. Hawan jini da ciwon suga ne suka fito da da yawansu, likita ya ce a motsa jini. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. WhatsApp ya sauƙaƙa haɗuwa, hoton kan dutse a Instagram ya ja matasa. Amma abin da ke riƙe mutum shi ne abokan tafiya. Wanda zai iya lafewa a gado in shi kaɗai ne, ba zai so a kira shi a ce “Alhaji, kai muke jira” ba. A gari irin Kaduna, da rikicin 2000 ya raba mazaunansa arewa da kudancin kogi, duk abin da zai jera mutane kafaɗa da kafaɗa na tsawon awa biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar ita ce ayarin ba shi da inda zai miƙe. Dajin Kamuku na Birnin Gwari da tsaunukan Kajuru, waɗanda ya kamata su zama wurin tafiyar kwana biyu ko uku, tsoron 'yan bindiga ya raba su da masu yawon buɗe ido. Satar ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, a gefen Mando, ta nuna cewa ko bakin gari ba a tsira ba. Shi ya sa masu son hawan dutse kan shiga mota zuwa Kufena a Zariya, su hau su sauko kafin la'asar. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu magana, kuma ba mai ganin laifinsu. Asarar dai ta faɗa kan ƙauyukan da za su sayar da fura da masauki da aikin jagora, kamar yadda ƙauyukan Sifaniya ke ci daga mutum sama da 400,000 da suka kammala tattakin Santiago a 2023.

Cikin gari kuma mai tafiya na rabon kwalta da tirela da Keke Napep. Gwamnatin da ta iya shirya gudun fanfalaki na Kaduna a Nuwamban 2020 za ta iya share hanyar ƙafa a gefen kogi, daga lambun Gamji zuwa Malali, ta sa fitila da masu gadi. Kuɗin bai kai na gada guda ba, masu bin ta kuwa sun riga sun fito.